Me Ya Kashe Ta? Lacca Kan Kayan Wuta da Manhajoji a Gidajen Azare

 

Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai maza da mata, da 'yan uwana masu gyaran waya da rediyo da firji waɗanda suka rufe shagunansu suka zo, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Gamawa da Giade da Madara da Gadau, Allah ya mai da ku gida lafiya.

Duk mai gyaran da ke zauren nan ya san maganar farko da mai kaya yake yi in ya ajiye kayansa a kan tebur: "Wallahi Injiniya, haka kawai ta mutu. Jiya lafiya lau na kwanta da ita." Ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya gani ke nan. Amma na'ura ba ta mutuwa haka kawai. Akwai sanadi, kuma a garin nan sanadin yawanci yana wajen na'urar: yana cikin wutar da muke ba ta, ko ɗakin da muka ajiye ta, ko hannun wanda ya fara kunna mana ita a ranar da muka saya. In aka canza abin da ya ƙone aka bar abin da ya ƙona shi, to an biya kuɗin gyara na farko ne kawai, na biyu yana tafe. Abin da na zo in tattauna da ku ke nan.

Mu fara da 'yar takardar nan da ke manne a bayan firji ko a cikinsa, wadda ba kowa ke karantawa ba. A jikinta akwai wurin da aka sa ajin yanayi da harafi ɗaya ko biyu: N, ko SN, ko ST, ko T. Mai N da mai SN an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. Mai ST yana kaiwa 38, mai T kuma 43. To ku tuna Azare a watan Afrilu, da azahar, a ɗaki mai rufin kwano babu silin, alhali a waje ma ma'auni yana haura 40. Firjin da aka yi domin kicin ɗin Jamus ko Beljiyam, ya yi shekarunsa a can, aka lodo shi a kwantena zuwa Legas, ya hau mota zuwa Kano, sannan ya iso mana, shi ne za mu jingina da bango a irin wannan ɗaki mu ce ya ba mu ƙanƙara. Kwamfiresonsa ba zai huta ba dare da rana, ruwa kuma ba zai yi sanyin kirki ba. Sai uwargida ta aika a kira mai gyara, a ce gas ne ya ƙare. A zuba, a biya, bayan 'yan makonni a koma gidan jiya. Gas ɗin firji ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake, zagaye kawai yake yi cikin bututu. In ya ragu, akwai huda a wani wuri, kuma mai gyaran da ya zuba sabo bai nemi hudar ya toshe ba bai gama aikinsa ba. In kuwa bai ragu ba, sau da yawa maganin shi ne a janye firjin daga bango kamar taƙi ɗaya, a share ƙurar da ta toshe ragar bayansa, a duba robar ƙofa ko ta saki. Wanda zai sayi sabo kuma ya nemi mai harafin T.

Waya ma haka take. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran kamfanoni kuma ba su yi nisa da haka ba. Zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batirin litiyam. Direban da ya bar waya a gaban gilashin mota tana caji daga Azare zuwa Potiskum, da yarinyar da ke cusa waya ƙarƙashin matashi tana caji tana kallo, duk su ne za su dawo bayan wata shida da batir ya kumbura ya ɗaga murfi. Batirin da ya kumbura kada a danne shi, kada a huda shi, a cire a canza, domin yana iya kamawa da wuta.

Yanzu ga babbar magana, wato wutar kanta. Har yau NEPA muke cewa, ko da yake sunan ya koma PHCN tun 2005, kuma tun Nuwamban 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke riƙe da Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai. Yawancin kayanmu an rubuta musu bolt 220 zuwa 240. Amma duk wanda ya taɓa sa mita a soket da magariba, a unguwar da ke ƙarshen layi, ya san abin da yake gani. Mutane suna tsoron wuta mai ƙarfi, suna raina rabin wuta, suna cewa gara ita da duhu. Ga ƙwan fitila da cajin waya, haka ne. Ga duk abin da ke da mota a ciki, firji, injin jan ruwa, na'urar sanyaya ɗaki, rabin wuta ta fi ɗaukewa illa. Mota tana buƙatar ƙarfi mai yawa a daƙiƙar da za ta tashi, ninki da yawa na abin da take ci in ta riga ta tashi. In wutar ba ta kai ba, sai ta tsaya tana gurnani, tana jan wuta ba ta juyawa, wayoyin cikinta suna zafi. Wannan ƙarar da kuke ji firji yana yi, ya yi "huum" sannan ya yi "ƙas", bayan minti biyu ya sake, wani ɗan makunni ne na kariya yake yanke wuta don kada kwamfireso ya ƙone. Wanda ya ji wannan ƙarar ya tashi ya zare filogi a lokacin, kada ya bari sai da safe.

Haka kuma in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take. Firji yana buƙatar minti 3 zuwa 5 kafin ya sake tashi, domin gas ɗin da ke matse a gefe ɗaya ya daidaita. Ɗan akwatin nan da ake sawa tsakanin soket da firji, mai jinkirta kunnawa, mai kuma yanke wuta in ta yi sama ko ta yi ƙasa, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon kwamfireso ba. Ina ganin duk wanda ya sayar da firji bai ambata wa mai saye wannan akwati ba ya rage masa wani abu daga haƙƙinsa. Sitabilaiza kuma a duba daga bolt nawa take fara ɗagawa, a kuma sayi wadda ta fi nauyin da za a ɗora mata girma sosai, domin adadin da aka buga a kwali yana raguwa idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa.

Akwai wata masifar da nake so kowa ya san alamarta, domin ita ce ke ƙone kayan layi guda cikin dare ɗaya. Daga taransifoma wayoyi huɗu ne ke fitowa, uku masu wuta, ɗaya kuma nutiral. Tsakanin kowace mai wuta da nutiral bolt 230 ne, amma tsakanin masu wuta biyu kusan 400 ne. In nutiral ta tsinke ko ta yi sako-sako a kan turke, sai wutar ta rabu ba bisa ƙa'ida ba: gidajen da ke kan layi mai nauyi wutarsu ta yi ƙasa, na kan layi marar nauyi tasu ta haura nesa da abin da kaya za su iya ɗauka. Alamar ita ce ƙwai ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi, alhali maƙwabci yana kukan tasa ta dushe. Wanda ya ga haka kada ya tsaya kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, ya ruga wajen babban makunni ya sauke, ya sanar da maƙwabta, a kira ma'aikatan kamfani. Kuma ina roƙon matasanmu masu hawa turke su canza layi da kansu su bari. Rai ake sawa a ciki, kuma irin wannan ɗaure-ɗauren ne ke sa nutiral ta saki.

A nan bari in ɗan ratse. Hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sha nanata cewa gyaran taransifoma da sauya turke da waya nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na mutanen unguwa ba. Mu kan yi karo-karo ne don mun gaji da duhu, kuma ban ga laifin wanda ya gaji ba. Amma ko za a yi, a fara rubuta takardar ƙorafi, mai unguwa ya sa hannu, a kai ofis, a karɓi shaidar an kai. Ƙorafin baki a majalisa ba ya shiga fayil ɗin kowa.

Kowa a nan yana tuna Oktoban 2024. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma ranar 21 ga wata layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta shiga duhu fiye da mako guda. Man fetur kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 ya fi ƙarfin janaretan talaka. Daga nan ne sola ta zama abin da kowane mai ɗan hali yake nema, kuma daga nan ne sabon kuka ya fara: "An haɗa mini sola, wata takwas batir ya mutu."

Mu yi lissafi tare, don lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta masa 200Ah, in ka ninka, yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda. In na ruwa ne, mai darma a ciki, ba a so a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata, a ce saura 1,000. Fankar sama biyu wat 140, talabijin 60, ƙwai biyar 50, jimla 250. Awa huɗu ke nan. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye. To maigidan da aka ce masa batir ɗaya zai kwana da fanka da firji da talabijin, kullum yana tatse shi har inbata ta yi kuka ta mutu, washegari kuma fanel biyu masu ƙura ba su cika shi ba, wannan batirin ba jabu ba ne, yunwa ce ta kashe shi. Ƙari a kan haka, masu ƙera irin wannan batir suna auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da kusan rabi. Mu kuwa a sito muke kulle shi, inda babu taga. A sa shi inda iska ke ratsawa. A riƙa duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ban da na leda, ban da asid. Fanel kuma a wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke kwanciya a kansa cikin kwana biyu. Wanda ya sauya fankar sama da mai aiki da batir kai tsaye, wadda cinta bai kai rabin na waccan ba, ya fi wanda ya ƙara batir na biyu dabara. Mataccen batir kuma a mayar wa dillali dunƙule, kada a fasa shi a tsakar gida. Darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar darma daga dutsen zinariya, ya ishe mu sanin haɗarinta.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na daɗe a kansu ba. Fankar da ta rage gudu, galibi kafasita ce, ba sai an sake naɗi ba. Wayar da ta ƙi caji, a fara duba ramin cajin da tsinken sakace, a hankali, waya a kashe, domin ƙura da zaren aljihu suna dunƙulewa a ciki. Dikodar da ta ce babu sigina bayan hadarin farko na damina, iska ce ta karkatar da kwanon ko ruwa ya shiga mahaɗin waya. Wayar da ta faɗa ruwa a kashe ta, kada a sa ta caji don a gwada, kada a binne ta cikin shinkafa, a kai a buɗe a busar.

Zan shiga ɓangaren manhaja ta ƙofar da ba a zata ba, wato mitar kati. Da yawanku kun tuna a 2024 an yi ta sanarwa cewa kowa ya karɓi wasu lambobi na musamman ya shigar a mitarsa kafin 24 ga Nuwamba. Wasu sun ce dabara ce ta ƙara kuɗi. Ga ainihin abin da ya faru. Tsarin lambobi 20 da muke saye an ƙirƙiro shi ne a Afirka ta Kudu, kuma a cikin kowace lamba akwai ɓoyayyen lokacin da aka fitar da ita, don kada a shigar da lamba ɗaya sau biyu. Lokacin ana ƙirga shi ne da minti, tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware masa ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216. In ka lissafa, sai ka ga ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Wato shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke fiye da shekara talatin da suka wuce, a wata ƙasa, ita ce ta zo ta tsaya a bangon gidan mutumin Azare. Maganin lambobi biyu ne na sauya makulli, kuma kyauta ne. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa a kan wannan, rashin bayani ne ya ci shi.

Na kawo wannan ne don mu san cewa ba kullum laifin mai amfani ba ne. Yaranmu suna shiga jarrabawar JAMB ta kwamfuta suna rawar jiki, in wani abu ya tsaya su ɗauka su ne ba su iya ba. A 2025 hukumar da kanta, ta bakin magatakardarta Farfesa Ishaq Oloyede, ranar 14 ga Mayu, ta amsa cewa kuskuren manhaja ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. An kai ga haka ne saboda iyaye da malamai sun tattara hujja sun yi magana. Ɗalibin da kwamfutarsa ta tsaya a zauren jarrabawa ya ɗaga hannu nan take, ya tabbata an rubuta lambar kujerarsa da lokacin.

Amma akwai inda laifin namu ne, kuma wannan shi ne ya fi ci mini rai. Mutum zai sayi sabuwar Tecno ko itel ko Infinix, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Buɗe mini ita, ka sa mini WhatsApp." Yaron zai ƙirƙiri imel cikin minti biyu, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a ka, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa shi kansa a matsayin ta dawo da asusu. Mai waya ya tafi yana murna, bai san sunan imel ɗin ba balle kalmar sirri. Wannan kamar wanda ya gina gida ne ya tare, ya bar makulli a aljihun magini. Shekara biyu ba abin da zai faru. Ranar da yaro ya dagula zanen kulle, ko waya ta rikice aka ce sai an yi filashin, ranar ce za ta tashi ta ce a shigar da asusun Google na farko. Wannan kulle tun 2015 aka sa shi a Android don ɓarawo ya kasa amfani da wayar sata, ga shi yau mai waya ne yake tsaye a waje. Lambobin abokan ciniki, hotunan iyayen da suka rasu, karatun malamai da aka tara, duk suna can cikin asusun da ba a san sunansa ba.

Ɗalibai, wannan aikinku ne, kuma ba ya buƙatar ko sisi. In kun koma gida yau, ku zauna da Baba da Inna da Yaya, ku buɗe saitin waya ku ga wane imel ne a ciki. Ku sauya kalmar sirri, ku sa lambar mai wayar, ku rubuta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Ku kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp. Ku gaya musu da babbar murya cewa lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, ko daga banki, ko ya ambaci sunan limamin unguwa. Layin da aka yi rajistar banki da shi kuma kada a bar shi ya kwanta, don kamfani yana sake sayar da layin da aka daɗe ba a taɓa ba.

Kukan "waya ta cika" da kukan "suna shanye mini data" yawanci uwarsu ɗaya. Mutum yana cikin zaure goma sha biyar na WhatsApp, kowane bidiyo da aka turo yana sauka da kansa, wa'azi ɗaya ya shigo sau biyar. A shiga saiti a hana saukar da bidiyo sai an taɓa. A hana Facebook da TikTok kunna bidiyo da kansu. A hana manhajoji sabunta kansu da datar layi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ɗan gyaran kuɗin cefane ne. In ana cire maka kuɗi a kan wani abin da ba ka nema ba, *305# na nan don dakatarwa, in kamfani ya ƙi saurara a kira 622, layin ƙorafi na hukumar. Su kuma GB WhatsApp da 'yan uwansa da ake tura wa juna, ba a san wanda ya rubuta su ba, ba a san inda saƙonni ke bi ba, kuma saboda su ake rufe wa mutane lamba. Manhajojin da ke cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu kuwa, talla suke kawowa.

Ga 'yan Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da sabuwar jami'ar kimiyyar lafiya, taku matsalar filasha ce. An kai ta shagon buga takardu, an dawo, duk manyan fayiloli sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya, babin farko zuwa na huɗu sun ɓace, sai kuka. Kada a yi fomatin. Wannan bairos ɗin ba ya goge aiki, ɓoye shi yake yi. Kada a danna masu kibiyar, domin dannawar ce ke yaɗa shi. A sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko a yi amfani da umarnin attrib, aikin zai fito. Bayan haka a ɗauki ɗabi'a guda: duk daren da aka yi rubutu, a tura wa kai kwafi ta imel. Abin da za a buga kuma a mai da shi PDF tun a gida, don shafuka kada su wargaje a kwamfutar shago.

Masu rubutu da Hausa suna da ƙarin tasu. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera salon rubutu irin su Rabiat, ya cece mu, kuma littattafai da yawa da shi aka buga su. Sai dai dabarar ita ce an ɗora haruffanmu a gurbin wasu alamomi, shi ya sa in aka buɗe fayil a kwamfutar da ba ta da salon, sai a ga baka da sanduna a tsakiyar kalma. Yau haruffan suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode. Windows tana da allon rubutu na Hausa a cikinta, Gboard ma haka a waya, kunnawa kawai ake yi. Sassan Hausa na makarantunmu ya kamata su wajabta wannan ga ɗalibai, su kuma fara juya tsofaffin kundaye kafin kwamfutocin da ke iya karanta su su ƙare.

Kuma suna ƙarewa. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017, waɗanda su ne suka cika kasuwarmu ta kayan hannu. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma ƙofofin da ɓarayi ke ganowa ba za a ƙara toshe su ba. Ra'ayina shi ne, maimakon Windows ta sata da ake sa wa mutane, wadda sau da yawa take zuwa da nata bairos ɗin, masu gyaranmu su koyi sa Linux Mint ko Ubuntu. Kyauta ne, halal ne, suna gudu a tsohuwar na'ura, kuma LibreOffice ya ishi mai rubuta kundi.

'Yan uwana masu gyara, saura ku. Yawancinku ba a aji kuka koya ba, a gaban oga kuka koya, wasu a Farm Centre ta Kano, wasu a nan gida, kuma da ba don ku ba da rabin wayoyin garin nan suna cikin bola. A Turai sai a 2024 Tarayyarsu ta yi dokar da ke tilasta wa kamfanoni su bari a gyara kaya, abin da ku kuke yi kullum a ƙarƙashin laima. Ina da roƙo a gare ku. Ku auna kafin ku canza. Ku gaya wa mai kaya sanadi, ku nuna masa abin da kuka cire, ku faɗa masa gaskiya in sikirin ɗin da kuka sa ba na asali ba ne. Wayar da aka ba ku kuma amana ce. Akwai hotunan matan aure a ciki, akwai saƙonnin banki, akwai sirrin gida. Na san mata da yawa da suka gwammace waya ta lalace a ɗaki da su aika da ita kasuwa, saboda wannan tsoron. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a koya wa 'yan mata wannan sana'a. Aiki ne na zaune, na natsuwa da ido da hannu, ana iya yin sa a cikin gida, kuma kasuwarsa tana nan tana jira a kowace unguwa.

Roƙona na ƙarshe ya haɗa ku da malamanmu na kimiyya. Kowane shago ya ajiye littafi guda, duk kayan da aka kawo a rubuta layi ɗaya: wane iri ne, daga wace unguwa, wane wata, me ya lalace, me aka sa. Ba sunan mai kaya, ba lambarsa. In shago ashirin suka yi haka shekara guda, ɗaliban kwaleji suka tattara, za mu san wace unguwa ce talabijin ke yawan ƙonewa, mu je da takarda a hannu mu ce a duba taransifomarta. Za mu san wace caja ce ke kashe waya, wane batirin sola ne ke jure zafinmu, mu faɗa wa jama'a da Hausa a rediyo. Wanda ya shirya farawa ya ba shugaban taro sunan shagonsa kafin ya fita, malamai biyu kuma su ɗauki nauyin zagayawa duk ƙarshen wata.

Shugaba, akwai sauran lokacin tambayoyi, kuma ina so a fara ba masu gyara dama, don akwai abubuwan da suka gani a kan tebur da ban ambata ba.